Ɗinkin da Ba Wanda Ya Ɗinka

Duk mai ƙera siffofi a kwamfuta ya saba jin wannan tambaya daga bakin masu ba shi aiki: "Ba za a iya ƙara masa fitowa ba?" Amsa mafi sauƙi ita ce za a iya, domin akwai wani ɗan akwati a manhaja da ake rubuta lamba a ciki. Ka goge 2048, ka rubuta 8192, ka danna, shi ke nan. Na taɓa ba da wannan amsa a kan wata tsohuwar babbar riga a birnin Zariya, kuma ban ba da ita cikin rashin sani ba. Abin da ya sa nake ganin labarin ya cancanci a rubuta ke nan.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, siffar nan da ake juyawa a fuskar waya a ga gabanta da bayanta abu biyu ne aka haɗa. Akwai gangar jiki, wadda raga ce ta dubban ƙananan alwatika, ita ke ba da tsawo da faɗi da kauri. Sai kuma hoton da ake lulluɓa mata, mai ɗauke da launi da zane da tabo. 'Yan sana'a na ce masa tekisca, ni kuwa zan kira shi hoton fata. Dabarar ta fito ne daga aikin digirin Edwin Catmull a Jami'ar Utah ta Amurka a 1974, mutumin da daga baya ya shugabanci kamfanin Pixar. Kafin a lulluɓa, sai an buɗe jikin siffar an shimfiɗe shi cikin murabba'i ɗaya, kamar yadda ake feɗe fatar akuya a kafe ta a ƙasa ta miƙe. Wannan ita ce shimfiɗar UV. Kuma yawanci fatar ba ɗaya ba ce: akwai ta launi, akwai ta tudu da kwari wadda ke gaya wa haske inda zai karkata, akwai ta sheƙi wadda ke bambance wuri mai santsi da mai kaushi. Kowace an gina ta da ɗigo, wato fiksel. In aka ce 2048, ana nufin ɗigo 2048 a tsaye, 2048 a kwance.

Wasu matasa masu kishin tarihi ne suka ba ni aikin. Burinsu a fito da tsofaffin rigunan da ke naɗe a akwatunan gidajen birni, a mai da su siffofin da ɗalibi zai buɗe a wayarsa ya duba. Wadda ta faɗo hannuna saƙi ce, saƙar hannu, an haɗa ta da siraran ƙyallaye ɗaya gefen ɗaya, an yi mata aska takwas da tambari da zaren tsamiya. Masu gida suka ce ba za ta wuce zaure ba, kuma ba laifinsu. A nan cikin zauren na ɗora ta a kan mutum-mutumin tela, na riƙa zagaya ta da waya a hannu ina ɗauka, ba wani haske sai wanda ke shigowa ta ƙofa. Manhajar Meshroom ta harhaɗa hotunan ta fitar da gangar jiki, na share ta a Blender, na zuba launin a fata mai 2048.

Daga nesa rigar ta yi kyau. Da zarar an matso kan askar, sai komai ya narke, ɗinkin ya koma wani farin dabbare. Da na tsaya na yi lissafi a lokacin, da na ga dalili. Faɗin rigar ya kai mita 2.5 idan an baza hannuwanta. Gaba da baya a murabba'i ɗaya, kowane gefe na hoton yana ɗaukar wajen santimita 260 na yadi. Raba 2048 da 260, ka sami ɗigo kamar 8 a kowace santimita. Ɗigo guda ya zarce milimita ɗaya ke nan, alhali zaren ɗinkin bai kai milimita ba. Kowane ɗigo ya haɗiye zare da maƙwabcinsa da ɗan ratar da ke tsakaninsu, ya fito da launi ɗaya. Abin da bai kai ɗigo biyu ba, ba ya fitowa a hoto a matsayin abu mai zaman kansa. Wannan doka ce ta lissafi, ba ta san gwani ba.

Maganin a bayyane yake: a koma zaure da kayan aiki, a sake ɗauka daga kusa. Amma komawa na nufin sake neman izini, sake gaisuwa, sake jiran ranar da mai makullin akwati yake gida, ga kuɗin mota daga aljihuna. Sai na bi gajeriyar hanya. Tun 2018, lokacin da Xintao Wang da abokan aikinsa suka fitar da ESRGAN, manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu ƙara girman hoto suka bazu, kuma da yawansu kyauta ne. Na jefa fatun nan uku cikin ɗaya daga cikinsu, na ce ta ninka sau huɗu. Kafin in gama shan shayi ta miƙo mini 8192. Zare ya fito ɗaya-ɗaya, har da ɗan gashin auduga a jikinsa. Na aika wa matasan, suka yi ta sa albarka. Wani ya tambaye ni ko sabuwar kyamara na saya. Na yi dariya, ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Da aka ɗora siffar a shafin intanet, wayoyi ne suka fara tona ni. Wasu sai su nuna riga baƙa wuluk, wasu shafin ya daskare ya rufe kansa. Abin da ya ruɗe ni shi ne nauyin fayil: hoton JPEG matsattse ne, 'yan megabayit kaɗan yake ci a ajiye. Amma na'urar zana hoto ba ta karanta shi a matse, sai ta warware shi gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa. Fata mai 8192 ɗigo 67,108,864 ce. Kowane ɗigo yana cin bayit 4, jimla megabayit 256. Fatu uku, 768. Sai kuma ƙananan kwafin da na'ura ke ajiyewa, rabi da rabin rabi har zuwa ɗigo ɗaya, don amfani idan abu ya yi nisa, dabarar da Lance Williams ya wallafa a 1983. Su ma suna ƙara kashi ɗaya cikin uku. Duka ya tashi gigabayit 1 cif, a kan riga ɗaya, a wayoyin da gaba ɗaya ƙwaƙwalwarsu gigabayit 2 ce ko 3. Wasunsu ma na'urarsu ba ta karɓar fatar da ta wuce 4096. Abin dariyar kuma, fuskar irin wannan waya mai 720 a 1600 ɗigonta bai fi miliyan 1.2 ba. Na loda mata miliyan 67 sau uku don ta nuna miliyan ɗaya da 'yan kai.

Wannan kuskuren lissafi ne, ana gyara shi da yamma guda. Babban yana gaba.

Matasan suka shirya a nuna aikin ga wani dattijo da ya tsufa a kan ɗinkin riga, irin malaman nan da ke zana aska a kan yadi kafin almajirai su bi da allura. Na kai masa a kwamfutata. Ya gyara tabarau, ya ce in matso da aljihun. Na matso. Ya ce in ƙara. Ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan nan, wa ya ɗinka wannan?"

"Allah gafarta Malam, ai rigar gidan nan ce da ka sani."

"Waccan na san ta, na riƙe ta da hannuna. Wannan ba ita ba ce."

Ya nuna mini abu uku da ɗan yatsa. Na farko, tafiyar zare. A cikin aska, ɗinki yana bin hanya ɗaya, kowane zare yana da inda ya shiga da inda ya fito. A nawa kuwa akwai zaren da ya taso daga babu, ya rabu biyu, ya ɓace a tsakiyar yadi. Ya ce babu allurar da za ta iya wannan. Na biyu, mahaɗar ƙyallaye. Saƙar hannu ba ta daidaita sak, layin wannan ƙyalle yakan ɗan haura na wancan, kuma da haka ake gane ta. Injin ya ɗauki wannan aibi ne, ya miƙe layukan, rigar ta koma kamar yadin kanti. Na uku ya fi zafi. A ƙasan aljihu akwai ɗan faci da wata tsohuwa ta gidan ta yi wa rigar da zaren da bai zo daidai da na asali ba, duk dangi sun san labarinsa. A fatar 2048 ya rage ɗan duhu mai ɗigo kaɗan. Injin ya shafe shi, ya saƙa lafiyayyen yadi a gurbinsa.

Na ce, "Malam, inji ne ya cike wuraren da hoto bai kama ba."

Ya ce, "Su yaran sun sani?"

Na ce ba su sani ba.

"To, je ka faɗa musu."

Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan maganar da suke yi kafin in shigo.

Injin bai yi wani abu da ya saɓa wa aikinsa ba. Daga 2048 zuwa 8192 yawan ɗigo ya ninku sau 16. Cikin kowane ɗigo 16 na sabon hoton, kwatankwacin guda ɗaya ne kawai ke da asali a jikin rigar. Sauran 15 dole su fito daga wani wuri. Tsohuwar hanyar ƙara girma tana ɗaukar matsakaicin launin maƙwabta ta cike, sai hoto ya yi girma ya yi dishi-dishi; ba ta ƙara komai, amma ba ta ƙarya. Sabuwar kuwa an horar da ita da ɗimbin hotuna har ta koyi yadda yadi da gashi da bulo suka saba kasancewa. In ta ga dabbare, sai ta zana abin da ya fi kama da abin da ta saba gani. Ba tuno rigar take yi ba, tunda ba ta taɓa ganinta ba. Kintace take yi, kuma kintacenta ya dogara da abin da aka ciyar da ita. A 2020 duniya ta ga misalin wannan, lokacin da wani ya sa dusasshen hoton Barack Obama cikin manhajar da aka gina kan PULSE, aikin masu bincike na Jami'ar Duke, ta fito masa da fuskar Bature. Injin da ya mai da Obama Bature, me zai hana ɗan'uwansa mai da saƙin Zariya yadin masaƙar zamani?

Fatar tudu da kwari ta fi shan wahala, domin ita ba hoto ba ce da gaske. Ja da kore da shuɗin da ke cikinta lambobi ne masu nuna inda kowane ɗigo ya fuskanta. Injin da aka koya wa gyaran hoto ya ɗauke su launi, ya kaifafa su yadda ya ga dama, sai haske ya riƙa faɗowa a kan tudun da babu shi. Irin wannan fata ba a ƙara mata girma ta haka, sai dai a sake fitar da ita daga gangar jiki mai cikakken bayani.

Ba zan fake da cewa ban taɓa jin irin wannan ba. Ranar 11 ga Nuwamba, 2021, kamfanin Rockstar ya fitar da sabunta wasanninsa uku na Grand Theft Auto, waɗanda asalinsu na 2001 da 2002 da 2004 ne. An yi amfani da inji wajen ƙara girman tsofaffin fatun, kuma cikin kwanaki kaɗan 'yan wasa suka cika intanet da hotunan allunan shaguna da rubutunsu ya karkace, haruffa sun rikiɗe, barkwancin da ke jikinsu ya mutu. Ga sauran matsaloli barkatai. Ranar 19 ga watan kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ina cikin waɗanda suka yi dariya a lokacin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ni ganin bai ishe ni ba.

Kada a fahimce ni da cewa injin haramun ne. A shekarar 2021 ɗin dai, kamfanin BioWare ya sabunta wasannin Mass Effect da taimakon irin wannan inji, amma ya faro daga fatun asali da ba a matse ba, sannan masu zane suka bi da hannu suna gyara, kuma aikin ya karɓu. Idan dutsen da ke gefen hanya a wasa ne, ko bangon gidan da ba a taɓa ginawa ba, ba wanda aka zalunta don inji ya ƙirƙiro tsaga. Dutsen da ma ƙirƙira ne. Riga kuwa tana nan a akwati, tana da masu ita, kuma an ce wa ɗalibi ga ta. Bambancin yana nan: akwai siffar da aikinta ta burge, akwai wadda aikinta ta ba da shaida. Ni shaida aka ba ni in ɗauko, na kawo ado. Kuma ko adon, da na ce musu ado ne, da sauƙi. Laifin ya cika ne a dariyar nan da na yi lokacin da aka tambaye ni batun kyamara.

Na faɗa wa matasan. Ba su yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Muka sauke siffar, na koma gidan na nemi afuwa da izini. Wannan karon na aro kyamara da ƙafarta mai uku, muka fito da rigar ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, inda haske ya wadata amma rana ba ta dukan yadin kai tsaye, don kada inuwa ta manne cikin launi. Na ɗauki askar da tambarin daga kusa, tafin hannu bayan tafin hannu, kowane hoto yana hawa kan fiye da rabin na bayansa domin manhaja ta gane mahaɗa. Na ajiye ma'auni a gefe, in san ainihin ɗigo nawa ke faɗawa a santimita.

Sai na gyara abin da ya kamata in fara da shi, wato shimfiɗar. A ta farko, bayan rigar da ba shi da ɗinki mai yawa ya cinye fili daidai da ƙirji, ga kuma wuraren da aka bari fayau ba komai. Na raba gida. Wurin ɗinki, wanda bai fi mita ɗaya ba, ya sami fatarsa mai 4096 shi kaɗai, ɗigo wajen 40 a santimita ke nan, fiye da 32 da ƙaton 8192 ya bayar, kuma kowane ɗaya kyamara ce ta gan shi. Sauran jikin ya zauna a 2048. Raba fata gida-gida ba sabon abu ba ne. A kamfanin Weta na New Zealand aka ƙirƙiro tsarin UDIM, mai jera fatu da lamba daga 1001, kuma a can aka gina manhajar Mari don fim ɗin Avatar na 2009. Su don su ƙara yawa suka yi. Ni don in kai yawan inda ake bukatarsa. Daga ƙarshe na matse fatun zuwa tsarin KTX2, wanda ke zama a matse har cikin ƙwaƙwalwar na'ura, bayit ɗaya ga kowane ɗigo maimakon huɗu. Duka rigar ba ta kai megabayit 100 ba. Ta buɗe a wayoyin da suka ƙi ta farko, kuma facin tsohuwa ya dawo wurinsa.

Akwai lungu ƙarƙashin naɗin kafaɗa da kyamara ba ta iya shiga ba tare da an ja yadin ba, yadin kuwa ya tsufa. Na bar wurin da dishi-dishinsa, na rubuta a bayanin siffar cewa nan ba a ɗauka da kyau ba. Da can da na ga wannan gazawa ce. Yanzu na gane cewa dishi-dishi ma bayani ne: yana gaya wa mai kallo iyakar abin da aka sani.

Masu ƙera wasanni na dā sun fi mu sanin wannan, don dole ta koya musu. Na'urar Nintendo 64 ta 1996 kilobayit 4 kacal take da shi na riƙe fata a lokaci guda, saboda haka kowane ɗigo sai an yi shawara kafin a kashe shi. Mu da muka sami yalwa sai muka ɗauka babbar lamba ita ce inganci. Mai ba da aiki ya ce 8K yake so, wato 8192, saboda ya ji ana faɗa, mai aiki ya ba shi saboda ba wuya, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin ɗigon.

Abu ɗaya ne ban iya gyarawa ba. Kafin mu sauke siffar farko, an riga an ɗauki hotunanta an watsa a WhatsApp da Facebook, da rubutu a ƙasa cewa tsohuwar rigar Zazzau ce. Suna nan suna yawo, kuma sun fi na gaskiyar kyau a ido, don haka sun fi saurin tafiya. Masu ɗinkin kwamfuta kan kwafi zane daga hoton waya, ɗalibi kan sa irin wannan a kundinsa, injunan gobe kuma da hotunan intanet ake horar da su. Ɗinkin da ba wanda ya ɗinka yana iya zama abin koyi, har wata rana a auna rigar gaske da shi a ce ita ce ba ta yi daidai ba.

Shi ya sa duk fayil ɗin da zan miƙa yanzu yana tafe da 'yar takarda: ɗigo nawa kyamara ta kama a santimita, ina ne aka cike, da me aka cike. Hotunan asali kuma ina ba masu abu kwafinsu, ba a taɓa su ba. Gidajen tarihi da jami'o'i da ƙungiyoyi sun fara mai da hankali ga ɗaukar kayan gado ta wannan hanya, riguna da ƙofofi da zayyanar bango da rubuce-rubucen ajami, inda ɗigo ɗaya a sama ko a ƙasan harafi ke sauya kalma. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, kada ya tsaya a tambayar 4K ne ko 8K. Ya ce a nuna masa hoton asali kusa da abin da aka miƙo, ya kira wanda ya san kayan da hannunsa ya duba, tun kafin a biya kuɗi, tun kafin a saki.